Zaɓen injin lantarki don gangar gogar duwatsu: lissafi bisa yanayin Tabelot

1. Gabatarwa

Garin Tabelot yana gindin tsaunin Bagzan, cikin ƙasar Abzin, a gundumar Cirozerin ta jahar Agadas. An fi saninsa da lambuna: albasa da dankalin Turawa da tafarnuwa, waɗanda manyan motoci ke kwasa zuwa Agadas da kudu. Amma kamar sauran garuruwan Abzin, yana da maƙera, waɗanda ake kira inadan da Abzinanci, masu aikin azurfa da itace da dutse. Cikin abubuwan da maƙeran Abzin ke sayarwa akwai zobba da kayan wuya da ake dasa wa jan dutse ko baƙi mai sheƙi, galibi aƙiƙ (l'agate). Azurfar a hannunsu ake sarrafa ta. Dutsen kuwa a goge yake zo musu daga waje, alhali suna zaune a tsakiyar duwatsu.

A wannan maƙala za mu duba na'ura mafi sauƙi da maƙeri, ko ƙungiyar maƙera, zai iya haɗawa da kansa don gogar ƙananan duwatsu, wato ganga mai juyawa (le tonneau à polir). Za mu tsaya ne kan ɓangarenta guda, injin lantarkin da ke juya ta, domin shi ne ya fi tsada, kuma shi ne ke ƙonewa in an yi kuskuren zaɓe. Abin da muke son nunawa shi ne, ƙarfin inji, wanda shi ne mai saye ke fara tambaya a kasuwa, shi ne mafi ƙarancin muhimmanci cikin sharuɗɗan. Gudu, da juriyar aiki dare da rana, da irin wutar da ke akwai, su ne ke yanke hukunci. Mun sa kalmomin Faransanci cikin baka inda kalmar Hausa ba ta zauna ba tukuna. Mun kuma kauce wa kalmar "mota" don kiran le moteur, saboda ga mai jin Hausa abin hawa take nufi. "Inji" muka ɗauka.

2. Inda gogaggen dutse ke fitowa

Abin wuyan nan na aƙiƙ mai zobe a sama da tsini a ƙasa, wanda Abzinawa ke kira talhakimt, ya yi doguwar tafiya kafin ya iso Abzin. Da farko daga Kambay ta ƙasar Indiya yake fitowa, garin da A. J. Arkell ya yi rubutu kan cinikin duwatsunsa a 1936. A ƙarni na 19 garin Idar-Oberstein na Jamus ya shiga wannan kasuwa, da aƙiƙ ɗin da aka fara kawo masa daga kudancin Burazil a shekarun 1830. Gerd Spittler, wanda ya daɗe yana bincike a wurin Kel Ewey na Timia, ya bi sawun wannan hanya a wani rubutu na 2002. A Afirka ta Yamma ma an yi sana'ar: a Ilori an shahara da gogar jan dutsen lantana, wanda fatake Hausawa ke kai wa masu aikin, kuma da hannu ake gurza kowane ɗaya bisa dutse.

Abin lura a nan shi ne dabarar mutanen Kambay. Maimakon su goge ƙananan duwatsu ɗaya bayan ɗaya, sai su zuba su cikin jakar fata tare da ruwa da garin gogewa, su ɗaure, a yi ta mirgina jakar kwana da kwanaki. Daga baya suka maye gurbin jakar da ganga, hannun mutum kuma da injin lantarki. Aikin ke nan da ruwan ƙorama ke yi wa tsakuwa a shekaru aru-aru, aka matse shi ya koma makonni.

Ba kowane dutse ke shiga ganga ba. A ma'aunin tauri na Mohs, dutsen talk da ake sassaƙa ƴan siffofi da shi a Abzin yana mataki na 1. In an sa shi a ganga narkewa zai yi ya zama kunu, don haka wuƙa da takardar yashi sun ishe shi. Garanit, wanda shi ne akasarin duwatsun yankin, gauraye ne na ma'adinai masu tauri daban-daban, mai laushin ya riga mai taurin cinyewa, sai fuskar ta fito da ramu. Wanda ya dace shi ne dangin dutsen ƙanƙara (le quartz, le jaspe, l'agate), masu tauri wajen 7. Kuma mu faɗa tun yanzu: kibiyoyin dutse da tsakiyoyin mutanen da da ake tsinta a Tenere kayan tarihi ne, dokar 30 ga Yuni 1997 kan gadon al'adun ƙasa ta kare su. Ganga kuwa goge duk wata shaida take yi daga jikin abu.

3. Abin da ganga ke nema daga inji

3.1. Gudu

Idan ganga na juyawa a hankali, duwatsun kan hau gefenta kaɗan su gangaro bisa juna, kuma wannan gangarowar ita ce gugar. Idan gudu ya ƙaru, sai su riƙa tashi sama suna faɗowa, suna fasa juna. Idan ya ƙaru ƙwarai, sai su manne a jikin ganga su riƙa zagayawa tare da ita, babu guga ko kaɗan. Gudun da wannan mannewa ke farawa (la vitesse critique) ana samunsa da ƙa'idar da masu injin niƙan ma'adinai ke amfani da ita:

n = 42,3 / √D

inda D yake faɗin cikin ganga da mita, n kuma juyi a minti. Ga gangar da faɗinta ya kai santimita 20, lissafin ya ba da juyi 95. Masu niƙa, da yake fasawa suke so, sukan gudu da kashi 65 zuwa 80 cikin ɗari na wannan adadi. Mai guga yana bukatar ƙasa da haka nesa, tsakanin kashi 25 da 40, wato wajen juyi 30 a minti ga gangarmu.

To, injin da ke aiki da wutar gari ba ya san wannan tafiyar hawainiya. A Nijar wutar NIGELEC bolt 220 ce, mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa (50 Hz), kuma wannan kaɗawa da yawan ƙusoshin maganaɗisun inji (les pôles) su ke tsayar da gudunsa: mai 2 yana yin wajen juyi 2850, mai 4 wajen 1400, mai 6 wajen 940. Dole ke nan a rage. Hanyar da aka saba ita ce a ɗora ganga bisa sandunan ƙarfe biyu da aka sa wa tiyon roba, inji na juya ɗaya ta hanyar bel (la courroie) da puli biyu. Alal misali: wajen ganga santimita 22, sanda da tiyonta 2,5, ragin farko ke nan, sau 8,8. Don ganga ta yi juyi 30, sanda ta yi 264. Da inji mai juyi 1400, pulin inji na santimita 4 da pulin sanda na 21 sun wadatar: 1400 × 4 / 21 = 267. Da inji mai juyi 2850 kuwa, sai an nemo puli na santimita 43, ko a ƙara wani hawa na bel da sanda da boris (les roulements), kowane da asararsa da kuɗinsa. Wannan kaɗai ya isa a fifita mai juyi 1400 ko da ya ɗan fi tsada.

Akwai na'urorin rage gudu masu arha, irin na rage hasken fitila. Ba su dace ba. Ƙarfin wuta suke yankewa, inji ya yi ta gurnani yana zafi, gudun kuma bai ragu yadda ake so ba. Da puli ake rage gudu.

3.2. Ƙarfi

A nan ne ake yawan yin hasarar kuɗi. Mu ɗauki ganga mai faɗin santimita 20 da tsawon 25. Cikinta lita 7,85 ne. In an cika kashi biyu cikin uku da duwatsu, aka zuba ruwa da garin gogewa, nauyin zai kai wajen kilo 10. Inji ba ya ɗaga wannan nauyi; sanduna ke ɗauke da shi. Abin da yake yi kawai shi ne ya riƙe tarin a karkace. A irin wannan cikawa, tsakiyar nauyin tarin tana wajen santimita 2,9 daga tsakiyar ganga, kuma idan tarin ya karkata da digiri 40, nisan da ya goce gefe santimita 1,8 ne. Ƙarfin murɗawar da ake bukata (le couple) shi ne 10 × 9,81 × 0,018, wato kusan 1,8 N.m. A juyi 30 a minti, wannan bai kai wat 6 ba.

Ko mun ninka shi sau uku saboda asarar bel da boris da tiyo, muna wajen wat 20. Inji mai wat 40 zuwa 60 ya isa har da rara don tayarwa. Amma a kasuwa da doki ake awon inji, doki ɗaya kuwa wat 736 ne, kuma mai sayarwa zai ce rabin doki ya fi aminci. Babban inji da aka ba ƙaramin aiki ba ya rage cinsa daidai da aikin: akwai wutar da yake sha don maganaɗisunsa da fankarsa ko da babu kaya. Inda ake biyan wuta da mita, wannan ɓarna ce mai sauƙi. Inda faifan hasken rana da batir ke ciyar da shi, ita ce ke kashe aikin, kamar yadda za mu gani a sashe na 6.

3.3. Lokaci

Gugar dutse mai tauri 7 hawa huɗu ce, kowane wajen mako guda: gari mai kaushi (lamba 60 zuwa 90) don kashe kaifi, matsakaici (120 zuwa 220), mai laushi (500 zuwa 600), sannan garin sheƙi. Garin hawa ukun farko na silikon kabaid ne (le carbure de silicium), wanda taurinsa ya wuce 9. Yashin ƙorama, da yake shi ma dutsen ƙanƙara ne mai tauri 7, ba ya cin aƙiƙ sai kaɗan-kaɗan. Mako huɗu dare da rana awa 672 ne. Hawan farko sau da yawa sai an maimaita shi. Wannan adadi shi ne ya kamata mai saye ya riƙe a kai yayin da yake duba inji.

4. Injunan da ake samu

Injin na'urar huda, da na yankan ƙarfe, da na markaɗe, da ɗan injin keken ɗinki, duk iri ɗaya ne (le moteur universel). Suna gudu da dubban juyi a minti, suna da ƴan gawayi biyu (les charbons) masu gogar ƙarfen da ke juyawa, kuma an yi su don aikin ƴan mintoci a huta. Awa 672 ba tasu ba ce. Mu ajiye su.

Injin fanka ya fi jan hankali, musamman ta rufi, tun da gudunta wajen juyi 300 ne, kusa da abin da sanda ke nema. Sai dai yana da rauni biyu. Ƙarfinsa na tayarwa kaɗan ne, domin iska ba ta da nauyi a farkon juyi, ganga kuwa a farkon ne ta fi nauyi. Na biyu, iskar da fanka ke kaɗawa ita ce ke sanyaya injinta. An cire fukafukan, an cire masa sanyi. Zai iya juya ƙaramar ganga ta kilo ɗaya ko biyu in an sa masa ƴar fanka, amma ba ta kilo 10 ba.

Inda akwai wutar gari tsayayya, zaɓinmu shi ne inji mai kwandansa wanda ba shi da gawayi (le moteur asynchrone à condensateur permanent), mai juyi 1400, mai wat 60 zuwa 90. Abin da ke cinyewa a cikinsa boris biyu ne da kwandansa, kuma duka ana canza su. A garin da ake da fanfunan ban ruwa masu inji kamar Tabelot, samun mai iya canza boris ba wuya ba ne.

Ga wutar batir kuwa, abin da ke hannu shi ne injin goge gilashin mota (le moteur d'essuie-glace), wanda ake samu a wurin masu tsofaffin kayan mota. Yana aiki da bolt 12, yana da giyarsa a ciki, yana fitar da juyi 40 zuwa 60 a minti da ƙarfin murɗawa fiye da bukata. Ga ganga mai faɗin santimita 12, wadda iyakar gudunta juyi 122 ne, juyi 45 ya faɗa daidai, ba bel ba puli. Ga gangar santimita 20, sai a nemi na babbar mota mai bolt 24 a ba shi 12: gudunsa ya ragu zuwa wajen rabi, zafinsa ma ya ragu. Da sharaɗi guda: kada a rataya nauyin ganga a bakin injin. Ganga ta zauna bisa boris nata, inji ya juya ta kawai. Aibinsa shi ne yana da gawayi, giyarsa mai tsutsa (la vis sans fin) tana cinye rabin ƙarfin ko fiye, man giyar kuma yana bushewa da zafi. A ganinmu inji ne na gwaji da na farawa: a buɗe shi bayan kowane zagaye na mako huɗu, a duba gawayi, a sabunta mai, a ajiye na biyu a gefe. Wanda aikin ya karɓe shi sai ya koma ga injin batir marar gawayi (le moteur sans balais) mai giya, irin wanda ya yaɗu tare da kayan hasken rana, mai ƙarancin ci da tsawon rai.

5. Abin da ke rubuce a jikin inji

Kowane injin kirki yana da ɗan allon ƙarfe (la plaque signalétique), kuma bayan bolt da wat da juyi akwai alamu uku da ba a cika dubawa ba. Ta farko ita ce harafin S. Bisa ƙa'idar ƙasa da ƙasa CEI 60034-1, S1 na nufin aiki ba tsayawa, S2 aiki na ɗan lokaci, S3 aiki da hutu. S1 kaɗai ya dace da ganga. Ta biyu ita ce ajin rufin waya: B na jure digiri 130, F digiri 155. Ta uku ita ce IP, wato yadda aka rufe inji: IP44 na hana tsakuwa da fantsamar ruwa, IP54 ko IP55 na tare ƙura. A ƙasar da iska ke ɗauke da rairayi, kuma kusa da garin gogewa wanda ke cin ƙarfe kamar yadda yake cin dutse, buɗaɗɗen inji ba ya daɗewa.

Ƙa'idar nan ta kuma faɗi yanayin da aka auna ƙarfin inji a cikinsa: zafin iska bai wuce digiri 40 ba, tudun wuri bai wuce mita 1000 bisa teku ba. Duka sharuɗɗan biyu ana ƙetare su a Abzin. A Agadas zafin rana yakan haura 40 a watannin bazara, ɗakin kwano kuwa ya fi waje. Ƙololuwar Bagzan, Idukal-n-Taghes, mita 2022 ce, ita ce mafi tsayi a Nijar, kuma akwai ƙauyuka bisa tudun. Iskar tudu ba ta da kauri, ba ta kwashe zafi sosai. Masu sana'ar sukan rage kashi 1 cikin ɗari na ƙarfin inji ga kowane mita 100 bayan dubun farko. Sukan kuma ce duk ƙarin digiri 10 a zafin waya yana raba rayuwar rufinta biyu. Saboda haka ne muka ce wat 60 zuwa 90 ga aikin wat 20, kuma ajin F ya fi B. Rarar don zafi ce. A kafa na'urar a inuwa inda iska ke ratsawa, inji a sama ko a gefe, ba a ƙarƙashin ganga ba, don ranar da murfi ya yi yoyo.

6. Wuta

Tashar SONICHAR ta Anu Araren, mai aiki da gawayin ƙasa tun 1981, ita ke ba Arlit da Agadas da Cirozerin wuta. Lambuna da ƙauyukan cikin duwatsu kuwa, inda waya ba ta kai ba, da janareto da faifan hasken rana suke dogara. Kowane da abin da yake yi wa lissafinmu.

Janareton da ake tayarwa awa 4 da dare zai kammala awa 672 cikin kwana 168. Ban da jinkiri, ganga ba ta son tsayawa: gari da ruwa su kwanta, su daskare a ƙasa su riƙe duwatsun, inji kuma ya tashi da kaya mafi nauyi kowane dare. Bugu da ƙari, ƙarfin murɗawar inji mai kwandansa yana bin bolt ninki biyu. Idan wuta ta sauko daga 220 zuwa 190, kashi 75 cikin ɗari kawai ya rage masa. Injin da ya kasa tashi ga wuta a jikinsa, cikin ƴan mintoci yake ƙonewa, sai in yana da abin yanke wuta in ya yi zafi (la protection thermique). Wannan ɗan abu ya cancanci kuɗinsa, tun da na'urar za ta kwana tana aiki ba mai tsaro.

Da hasken rana lissafin ya fi daɗi, don yankin Agadas yana samun kwatankwacin awa 6 na cikakkiyar rana a yini. Mu kwatanta hanya biyu, muna ɗaukar asarar kashi 30 cikin ɗari, da awa 16 da batir zai riƙe aikin, da kuma cewa batirin darma ba a zuƙe fiye da rabinsa. Injin da ke cin wat 60 yana bukatar wat-awa 1440 a yini: faifai na wat 340 da batir na amfiya-awa 160, kafin a sa na'urar juya wutar batir ta koma ta gari (l'onduleur), wadda ke da nata ci, kuma dole ta jure wutar tayarwa da ta ninka ta aiki sau da yawa. Masu arhar cikinsu ma wutarsu ba ta da santsi, tana ƙara wa inji zafi. Injin batir da ke cin wat 25 kuwa wat-awa 600 yake nema: faifai na wat 150 da batir na amfiya-awa 70, babu na'urar juyawa. Bambancin wat 35 a inji ya fi ninka kuɗin faifai da batir, waɗanda su ne mafi tsada a duk haɗin.

Ana iya tambaya: me zai hana a haɗa injin da faifai kai tsaye, ya yi aiki da rana kawai, a huta da batir? Ana iyawa, da awa 8 a yini, zagayen ya koma kwana 84, kuma kowace safiya sai an girgiza ganga da hannu kafin a ɗora ta. Ga mai gwada duwatsun ƙoramarsa don ya ga ko suna ɗaukar sheƙi, wannan hanya ta isa, kuma ita ce mafi arha. Ga ƙungiyar da ke son kaya a kan lokaci, batir wajibi ne, tare da na'urar daidaita caji mai yanke wuta in batir ya yi ƙasa, da fis tsakanin batir da inji.

Kowane inji aka zaɓa, a gwada shi da cikakkiyar ganga kafin a bar shi ya kwana. A tsayar, a jira awa guda gari ya kwanta, a sake kunnawa: in bai tashi da kansa ba, bai isa ba. A auna amfiyar da yake ja a kwatanta da ta jikin allo. Ta zauna ƙasa da ita. Bayan awa biyu zuwa uku zafinsa ya kamata ya tsaya wuri ɗaya. In yana ta hawa, ko aka ji ƙaurin fenti, a kashe, a fara duba bel, domin bel ɗin da aka ɗaure tamau ya fi ganga wahalar da ƙaramin inji.